Dutse na Uku a Murhu: Jawabi a Kan Waƙa 'Yar Ƙwar Uku

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin malamanmu na Hausa ya gabatar a zaman da reshenmu ya shirya domin Ranar Waƙa ta Duniya. Mun buga shi yadda ya karanta shi, saboda 'yan'uwa da ba su samu halarta ba.

Tun daga shekarar 1999 hukumar UNESCO ta ware ranar 21 ga Maris ta zama ranar tunawa da waƙa a duniya. Mun saba haɗuwa a wannan zaure a kan batun albashi da ƙarin girma da fansho, kuma hakan daidai ne, domin don haka aka kafa ƙungiya. Yau kuwa an ce in yi magana a kan abin da muke yi a cikin aji idan ƙofa ta rufu. Na zaɓi abu ƙarami ƙwarai, wato baitin waƙa mai ɗango uku, wanda masana suke kira 'yar ƙwar uku.

Bari in faɗi abin da ya sa na zaɓe shi. A wani zango da ya wuce na ba 'yan aji biyu na babbar sakandare wata rubutacciyar waƙa, na ce su yi bayanin zubi da tsarinta. Kusan kowa ya rubuta cewa waƙar 'yar ƙwar uku ce, domin kowane baiti yana da ɗango uku. Amsa ta yi daidai, na ba kowa makinsa. Da na mayar musu da takardu sai na tambaye su: me ya sa marubucin ya tsaya a uku, bai tsaya a biyu ba, bai kuma ƙarasa huɗu ba? Aji ya yi tsit. Can sai wani yaro daga benci na baya ya ce, "Malam, wataƙila a nan maganar ta ƙare masa." Aka yi dariya, ni ma na yi. Amma da na koma gida abin ya tsaya mini a rai. Yaron bai yi laifi ba. Shekara biyu ina koya masa ƙidayar ɗangwaye kamar mai ƙidayar buhuna a sito, ban taɓa nuna masa cewa yawan ɗangwayen yana da aikin da yake yi ba. Laifin nawa ne, kuma ina zaton ba ni kaɗai ba ne a cikin wannan zaure.

Abin da nake son mu tafi da shi yau guda ɗaya ne: ma'anar baiti mai ɗango uku tana cikin aikin da aka ɗora wa ɗangon da ya zo bayan biyu sun riga sun daidaita. Wanda ya gane wannan aiki ya gane waƙar. Wanda ya ƙidaya kawai ya ci maki, amma ya bar waƙar a inda ya same ta.

Biyu da uku

Kalmar baiti daga Larabci muka aro ta, kuma asalin ma'anarta gida. Kowane baiti ɗan gida ne da marubuci yake gina wa tunani guda. A nazarin rubutacciyar waƙar Hausa, kamar yadda muka koya daga littattafan malamanmu irin su Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa na Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo, ana raba waƙoƙi bisa yawan ɗangwayen baitinsu: gwauruwa mai ɗango ɗaya, sai 'yar ƙwar biyu, da ƙwar uku, da ƙwar huɗu, da ƙwar biyar. Duk wanda ya daɗe yana karanta waƙoƙinmu ya san ƙwar biyu da ƙwar biyar su suka fi yawa. Ƙwar biyu ta zo mana ne ta hanyar ƙasidun Larabci, inda baiti yake da ɓari biyu. Ƙwar biyar kuwa ita ce rigar manyan waƙoƙin wa'azi, kamar Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi. Ƙwar uku tana nan, amma ba ta cika kasuwa kamar waɗancan ba, shi ya sa muke wuce ta da sauri a aji.

Ku dubi yadda biyu take aiki. Ɗango na farko ya ɗaga magana, na biyu ya sauke ta. Kamar sikeli ne mai faranti biyu, ko tambaya da amsarta. Yawancin karin maganarmu haka suke, ɓari biyu masu fuskantar juna, shi ya sa suke saurin zama a ka. Da zarar na biyu ya faɗi, kunne ya gamsu, ba ya jiran komai.

To, idan marubuci ya ƙara ɗango na uku fa? Ya shigo da baƙo cikin gidan da mutum biyu suka riga suka raba ɗakuna. Dole baƙon nan ya zo da dalilin zuwansa. Idan maimaita abin da biyun farko suka faɗa kawai zai yi, to ya zama kaya a kan kaya, kuma mai sauraro zai ji nauyin ko da bai san sunan abin da ya dame shi ba. Iyayenmu mata sun fi kowa sanin wannan lissafi. Duwatsu biyu suna iya zama kusa da juna har abada, amma ba a ɗora musu tukunya. Sai an kawo na uku sannan wurin ya zama murhu. Dutse na ukun ba ya fin 'yan'uwansa girma, zuwansa ne yake mayar da su abin amfani.

Ina so in ja kunnenmu a nan. Lambar uku tana yawo a al'adunmu da addinanmu, har ma mukan ce mutum ya shiga uku idan abu ya rikice masa. Yana da sauƙi malami ya tsaya gaban aji ya ce uku lamba ce mai asiri, ya wuce. Wannan ba nazari ba ne. Nazari shi ne mu duba baitin da ke gabanmu, mu ga abin da ɗango na uku ya yi a cikinsa. Zan nuna hanyoyi uku da mawaƙan duniya suka sa shi aiki, in fara da tamu ta gida.

Ɗangon da yake ɗaure waƙa

A tsarin da marubutanmu suka fi bi idan baiti ya wuce ɗango biyu, ɗangwayen farko suna da nasu amsa-amo wanda yake canjawa daga baiti zuwa baiti, shi muke kira ƙaramin amsa-amo. Ɗangon ƙarshe kuwa yana ɗauke da babban amsa-amo, wanda ba ya canjawa tun daga farkon waƙa har ƙarshenta. Domin kada mu yi ta magana a iska, na ɗan tsara baiti biyu a kan karin Mutaƙarab. Ni ba mawaƙi ba ne, ku yi mini afuwa:

Manomi yakan kai irinsa ƙasa,
Ya koma gida, ga idonsa bisa,
Abin da ya saura yana ga ruwa.

Hakan malami, nasa aikin jira,
Da alli da allo yake ta kira,
Hatsin nasa na can a hanyar zuwa.

A baiti na farko, ɗango biyu sun ƙare da "sa". A na biyu sun ƙare da "ra". Waɗannan harkar cikin gida ce, kowane baiti da tasa. Amma "wa" ta ɗango na uku ta ratsa baitocin duka, kuma da waƙar za ta kai baiti hamsin, da ita za a yi ta rufewa. Saboda haka ɗango na uku yana da fuska biyu. Da ɗaya yana kallon baitinsa yana yanke masa hukunci: manomi ya yi nasa, saura na ruwa ne. Da ɗayar yana kallon waƙar gaba ɗaya, yana riƙe baitin da 'yan'uwansa kamar yadda zare yake riƙe duwatsun wuya.

Abin da ya bambanta ƙwar uku da ƙwar biyar a nan shi ne saurin dawowa. A ƙwar biyar marubuci yana da ɗango huɗu na yin bayani, ya kawo misali, ya ƙara wani, kafin ya dawo ga babban amsa-amo. A ƙwar uku biyu kawai aka ba shi. Ba shi da filin kewaye-kewaye. Ya shimfiɗa, ya ƙarfafa, ya yanke. Saboda haka tsarin ya dace da marubucin da yake son kowane baiti ya faɗi da nauyi, kuma shi ne tsarin da yake saurin tona asirin marubuci malalaci, domin ɗango ɗaya maras aiki a cikin uku sulusin baiti ke nan ya tafi a banza.

Akwai kuma wani wuri da uku take ɓoye a adabinmu, inda ba mu cika lura da ita ba, wato tahamisi. Idan malami ya ga waƙa 'yar ƙwar biyu ta wani magabaci, yana son ya girmama ta ya kuma faɗaɗa ta, sai ya tsara ɗango uku nasa ya ɗora a gaban kowane baiti, ya zama biyar. Sanannen misali shi ne Tabbat Haƙiƙa, wadda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tsara da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isan Kware ya yi mata tahamisi. Ku dubi ladabin da ke cikin wannan aiki. Mai tahamisi ba shi da ikon rufe baiti, domin kalmar ƙarshe ta mai waƙar asali ce. Ɗangwayensa uku share fage ne: su ɗauki amsa-amon ɗangon farko na magabaci, su shirya kunne da zuciya, sannan su ja da baya su bar shi ya yi magana. Ban san wani hoto da ya fi wannan kama da aikin malamin makaranta ba.

Ɗangon da yake miƙa wuta

Yanzu sai mu bar gida mu tafi Italiya, shekara ɗari bakwai da suka wuce. Dante, wanda aka haifa a birnin Fulorens a 1265, an kore shi daga garinsu a 1302 saboda rikicin siyasa, bai sake taka shi ba har ya rasu a Rabenna a 1321. A zaman gudun hijirar nan ya rubuta doguwar waƙarsa mai suna Commedia, labarin tafiya ta cikin wuta, da tsaunin tsarkake zunubi, da aljanna, bisa aƙidar Kiristanci ta zamaninsa. Akwai wurare a cikinta da Musulmi ba zai karɓa ba. Abin da ya kai mu gare ta yau gininta ne. Ya rubuta ta da yaren mutanen yankinsu, a lokacin da masu ilimi suke ganin sai da Latin ake rubuta babban abu, kuma wannan ya kamata ya yi wa malamin Hausa daɗi.

A wurin Dante lambar uku da gangan ce, domin tana nuni da aƙidar Triniti da ya yi imani da ita. Waƙar kashi uku ce. Kowane kashi yana da babi 33, sai babi ɗaya na shimfiɗa a farko, suka cika 100. Kowane ɗango gaɓa 11 ne, saboda haka kowane baiti gaɓa 33. Jimillar ɗangwayen 14,233, dukansu a kan tsari guda da ake kira terza rima, wato amsa-amo na uku-uku, wanda a waƙarsa aka fara ganinsa.

Ga yadda tsarin yake. Ɗango na ɗaya da na uku suna amsa wa juna. Na tsakiya an bar shi ba abokin amsawa, sai a baiti mai zuwa sautinsa zai zama amsa-amon na ɗaya da na uku, shi ma wannan baitin ya haifi sabon na tsakiya wanda zai jira na gaba. Na gwada shi da Hausa domin ku ji da kunnenku. Na ɗauko hoton daga abin da manyanmu suka sani kafin ashana ta wadata, lokacin da ake aiken yaro maƙwabta ɗiban wuta:

Akan aiki yaro ya ɗebo wuta,
A kasko ya kawo ta har nan gida,
Uwa ta yi girki ta sam wa wata.

Mafarin wutar nan a murhu guda,
A miƙa, a karɓa, ta zaga gari,
Ta farkon tana ci kamar dai a da.

Karatu hakan ne, ka sam wa ɗari.

Kun ji "da" ta tsakiyar baiti na farko ta zama uwar gida a baiti na biyu, "ri" ta tsakiyar na biyu kuma ta tsaya tana jira. Babu baitin da ya isa ya rufe ƙofarsa, kowanne yana da bashin da na gaba zai biya. Shi ya sa tsarin ya dace da labarin tafiya: ƙafa ɗaya tana ƙasa, ɗaya tana sama, ba a tsayawa. Kuma shi ya sa Dante yake rufe kowane babi da ɗango guda tilo, kamar yadda na yi a sama, domin a biya bashin ƙarshe, kunne ya huta. Mutumin da aka raba da garinsa ya zaɓi tsarin da ba ya barin mai karatu ya zauna. Wannan ita ce irin ma'anar da nake nufi idan na ce tsari yana magana.

Mawaƙan Ingilishi sun yi sha'awar tsarin, amma ya ba su wuya, domin kowane sauti sai an samo masa kalma uku, harshensu kuwa ba shi da yalwar amsa-amo. Shelley ya yi amfani da shi a waƙarsa ta iskar yamma da ya rubuta a 1819. Derek Walcott, ɗan tsibirin Sen Lusiya wanda ya sami kyautar Nobel a 1992, ya gina doguwar waƙarsa Omeros a kan baitoci masu ɗango uku, amma ya sassauta dokar amsa-amon. Mu kuwa Allah ya hutar da mu wannan wahala. Mafi yawan kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, kamar na Italiyanci. Marubutanmu da suke iya riƙe amsa-amo ɗaya a baiti ɗari, wannan sarƙa ba za ta gagare su ba, kuma ba za ta gagari ɗalibanmu ba.

Ɗangon da yake juya magana

Hanya ta uku za mu same ta a kudancin Amurka, a bakin jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 suka raya wani salon waƙa da ake kira buluz, wanda yankin kogin Misisifi ya shahara da shi. Baitinsa da aka fi sani ɗango uku ne. Mawaƙi ya faɗi damuwarsa a ɗango na ɗaya. Ya maimaita ta a na biyu, wani lokaci da ɗan canji. Sai na uku ya zo da amsa, ko ba'a, ko wani juyi da ba a zata ba. Bayan kowane ɗango yakan bar gurbi, jita ko wani abin kiɗa ya amsa masa, abin da kunnen da ya saba da makaɗi da 'yan amshinsa ba zai ji baƙonsa ba. Marubuci Langston Hughes ya shigo da wannan salo cikin rubutacciyar waƙa tun a littafinsa na farko a 1926. Da malamin makaranta zai yi irin wannan baiti, ina jin ga abin da zai fito:

Wata ya yi nisa, waya na shiru,
Na ce wata ya yi nisa, waya na shiru,
Ni da mai bin bashi mun saba tun shekaru.

Na ga kun yi dariya, kuma dariyar a ɗango na uku ta zo. Maimaicin nan da wani zai ɗauka ɓata lokaci ne, shi ya ja igiya har ta yi tauri. Ya ba mawaƙi damar tunanin abin da zai faɗa, ya sa mai sauraro ya ƙagu. Ɗango na uku bai biya bashin ba, bai kuma kawo albashin ba, amma ya mayar da kuka abin da za a iya ɗauka. Mutanen da aka hana su kusan komai sun sami hanyar da kalmar ƙarshe za ta zama tasu.

A Koriya ma akwai tsohuwar waƙa mai suna sijo, mai dogayen ɗangwaye uku: na farko ya kawo jigo, na biyu ya faɗaɗa shi, na uku ya buɗe da juyi sannan ya rufe. A Japan kuma akwai haiku, wadda ta fi kowace gajeruwar waƙa suna a duniya. Tana da ɓari uku, masu sauti 5 da 7 da 5, jimilla 17. A al'ada tana ɗauke da kalmar da take nuna lokacin shekara, da wata kalma mai yanke waƙar gida biyu, ta yadda hoto biyu za su tsaya kusa da juna, mai karatu ya haɗa su da kansa. Asalinta baitin buɗewa ne na wata doguwar waƙa da mawaƙa suke haɗuwa su tsara bi da bi. Basho, wanda ya rayu daga 1644 zuwa 1694, shi ne babban gwaninta, sunan haiku kuwa Masaoka Shiki ne ya yaɗa shi a ƙarshen ƙarni na 19.

Akwai darasi a haiku da ya shafe mu kai tsaye. Mutanen Japan sukan rubuta ta a layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa. Masu fassara ne suka saba jera ta layi uku. Wato ukun a kunne take tun kafin ta hau takarda. Haka abin yake a wurinmu. Waƙoƙin malamanmu na da rera su ake yi, a zaure da makarantar allo da bakin masallaci, mata suna rerawa a cikin gida, almajirai da makafi suna yawo da su. Wanda bai taɓa ganin takardar ba ya san inda baiti ya ƙare, domin babban amsa-amo ya gaya masa. Mu ne muka juya abin, muka fara da ido, har yaro ya gama sakandare yana zaton baiti shi ne abin da aka bar wa fili a ƙasansa.

Abin da za mu iya yi ranar Litinin

Na san halin da muke ciki. Ajina ya haura yara saba'in, littafin waƙar bai kai ga kowane benci ba, minti arba'in ne, ga manhaja tana kora. Saboda haka ba zan kawo shawarar da take bukatar kuɗi ba.

Da farko, mu rera kafin mu rubuta. Malami ya karanta waƙar da murya sau biyu, littattafai a rufe, ya ce yara su ɗaga hannu duk inda suka ji baiti ya ƙare. Za ku yi mamakin yadda za su gano shi ba tare da an ambaci sunan ƙwar uku ba. Sunan ya zo daga baya, bayan kunne ya riga ya san abin da ake raɗa wa suna.

Na biyu, mu ɓoye ɗango na uku. A rubuta biyun farko a allo, a ce kowa ya kawo nasa na ukun. A karanta biyar ko shida, aji ya zaɓi wanda ya fi, ya faɗi dalili. Sannan a buɗe na marubucin. A wannan lokacin yaro zai ga cewa marubucin zaɓi ya yi a cikin hanyoyi da yawa, kuma zai iya cewa ɗangon ya ɗaure ne, ko ya miƙa, ko ya juya. Na gwada wannan da ajin da na ba ku labari. Yaron nan na benci na baya shi ya kawo ɗangon da aji ya zaɓa, kuma tun daga ranar bai sake cewa magana ce ta ƙare wa marubuci ba.

Na uku, mu mayar da yawan yara abin amfani. A raba aji layi-layi. Layin farko ya tsara baiti irin na Dante, ya miƙa sautin ɗangonsa na tsakiya ga layi na biyu, su gina nasu a kansa, su miƙa gaba. Kafin a buga ƙararrawa aji ya mallaki waƙa guda wadda babu layin da zai ce shi kaɗai ya yi ta. Malaman Turanci da na Larabci ma za su iya yin haka a nasu darasin.

Ga reshenmu kuma ina da roƙo biyu. A ware mana ɗan gurbi a wannan mujalla tamu, inda za a riƙa buga 'yar ƙwar uku guda daga ɗalibai ko malamai a kowace fitowa. Sannan duk wanda yake da dattijo a gida ko a unguwa mai ajiye da tsofaffin waƙoƙin ajami, ko wata gwaggo da ta haddace su, ya je ya zauna da su, ya rubuta, ya kawo. Gara da ɗigon ruwa ba sa jiran mu gama taro.

Iyaye da ke nan, ku ma kuna da rabo. Idan yaro ya dawo da waƙa a littafinsa, ku ce ya rera muku ita bayan cin abincin dare. Ko ba ku san sunan karinta ba, kunnenku zai gaya muku inda ya yi tuntuɓe.

'Yan'uwana malamai, jarrabawa za ta ci gaba da tambayar yawan ɗangwaye, kuma wajibinmu ne yaranmu su amsa daidai. Amma yaron da ya koyi tambayar abin da ɗango na uku ya zo yi, ya koyi abin da zai bi shi har bayan makaranta. Zai saurari jawabin ɗan siyasa, ko tallar ɗan kasuwa, ko takardar yarjejeniya, ya jira ya ji inda maganar ta juya. Mu da muke zama teburin tattaunawa da hukuma mun san sau nawa alkawari yakan zo da ɗango biyu masu daɗi, a nemi na uku a rasa.

Mai girma shugaba, a nan zan dakata. Abin da na faɗa daidai, daga malamaina na samo shi. Inda na yi kuskure kuwa, ga iyayenmu nan zaune, su gyara mini. Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya sa albarka a yaran da aka ba mu amana.